Jirgin Sama Ba Ya Yada Zango: Tarihin Sauka Bayan Mutuwar Inji, Daga Gaɓar Shuɗin Nilu Zuwa Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da kan faɗo wa matafiyi a rai idan ya shiga jirgin sama, babu mai nauyin wannan: idan injunan jirgin suka mutu gaba ɗaya alhali yana sararin samaniya, mene ne makomar waɗanda ke ciki? Yawancin mutane sun ɗauka cewa jirgin zai rikito nan take kamar dutsen da aka saki. Tarihin sufurin sama bai tabbatar da wannan zato ba. An sami jiragen fasinja da suka rasa ƙarfin injunansu duka, suka sauka ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba. An kuma sami waɗanda irin wannan matsala ta same su, ba wanda ya fita da rai. Wannan maƙala ta bi sawun abin da ya bambanta waɗannan da waɗancan. Ta duba haɗurran da suka auku a kan tsohuwar hanyar gabas da kewayenta, wato hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da Sudan da Makka, sannan ta gwada su da wasu na sauran duniya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, jirgin da injinsa ya mutu yana iya ci gaba da tafiya a kan iska, sai dai tafiya ce mai ƙayyadadden guzuri. Guzurin kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin jirgin da ƙasa a lokacin da abin ya faru, da kuma yadda matuƙi ya sarrafa ta.

Hanyar Gabas Da Zangunanta

Garin Mai Wurno yana gaɓar Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da birnin Sinnar a ƙasar Sudan. Asalinsa yana komawa ga yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a kan hanyarsa ta hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya, har suka isa gaɓar wannan kogi wajen shekarar 1906. A nan suka zauna, garin ya ɗauki sunansa.

Muhajiran Burmi sun bi hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi: daga Kano ko Katsina zuwa Borno, a ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, a ƙetare Nilu, a gangara Sawakin, daga nan jirgin ruwa ya tsallakar da mutum Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, kuma abin da ya sa take yiwuwa shi ne zango. Duk inda guzuri ya ƙare, ko jaki ya mutu, ko ciwo ya kama wani, sai ayari ya sauke kaya, a yi noma ko ƙodago ko koyar da allo, a tara abin da ya samu, sannan a sake ɗaura. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai wannan yanki ya zama zango mafi girma a kan hanyar. Dubban matafiya suka tsaya neman guzuri, da yawansu ba su sake tashi ba. Masanin halayyar al'umma Bawa Yamba, a littafin da ya wallafa a 1995, ya nuna yadda jikokin waɗannan mutane a ƙauyukan Jazira suke ci gaba da kallon kansu a matsayin alhazan da ke kan hanya.

A shekarar da aka gama madatsar Sinnar ne jiragen sama suka fara bin wannan hanya. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na rundunar sojan saman Ingila suka sauka a Kano bisa jagorancin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Masar sun biyo ta Sudan da Cadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, yana tsayawa a garuruwa irin su Al-Ubayyid da Al-Fashir da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri. Waɗannan jiragen farko su ma masu yada zango ne. Ƙanana ne, jikinsu katako ne da yadi, kuma suna sauka a hankali, don haka kusan duk fili mai faɗi yana iya karɓarsu. Na 1925 ma a filin wasan dawaki na Kano suka sauka.

Zuwan manyan jirage masu injin jet shi ya canza lissafin. Tafiyar Kano zuwa Jidda, mai nisan fiye da kilomita 3,000, ta koma ta awa huɗu zuwa biyar, ɗaruruwan mutane a cikin jirgi guda, a kimanin mita 10,000 sama da ƙasa. An sami sauri, zango kuma ya ragu zuwa 'yan filayen da ke da doguwar kwalta. Matafiyin ƙasa idan guzurinsa ya yanke yana da shekaru na neman wani. Matuƙin jirgin jet mintoci ne gare shi, wani lokaci ma daƙiƙoƙi.

Abin Da Ke Mutuwa Tare Da Inji

Fiffike shi ne ke ɗauke da jirgi a sama. Aikin inji shi ne tura jirgin gaba domin iska ta riƙa ratsa fiffiken da gudu. Idan inji ya mutu, matuƙi yakan sunkuyar da hancin jirgi kaɗan, sai nauyin jirgin ya zama shi ke jan sa gaba, kamar mai keke da ya daina taka feda a gangare. Jirgin fasinja na zamani, idan an riƙe shi a kan gudun da ya dace, yakan ci gaba kimanin mita 15 a duk mita ɗaya da ya sauko. Ke nan jirgin da injunansa suka mutu yana mita 11,000 sama da ƙasa yana iya cin kilomita 150 ko fiye, kwatankwacin nisan Kano da Zariya, cikin minti 20 ko kusa da haka. Wanda kuwa abin ya same shi yana mita 300, kamar yadda yake jim kaɗan bayan tashi, abin da ya rage masa bai kai kilomita 5 ba, lokacinsa kuma bai wuce minti ɗaya ba.

Wahalar ba ta tsaya a nan ba, domin inji yana yin ayyuka da dama ban da tura jirgi. Shi ke juya janareton da ke ba da lantarki ga na'urorin ɗakin matuƙi. Shi ke juya famfunan haidirolik masu motsa sassan fiffike da wutsiya da tayoyi da birki. Daga gare shi ake ɗibar iskar da ake cusa wa ɗakin fasinja domin su iya numfashi a can sama. Idan ya mutu, duk waɗannan sukan raunana lokaci guda. Masu ƙera jirage sun yi tanadin batir, da wani ƙaramin inji a wutsiya, wanda shi ma sai da mai yake aiki, sannan wasu jiragen suna da ƙaramar farfela da kan faɗo daga cikin jirgi iska ta juya ta. Abin da waɗannan ke bayarwa ya isa a riƙe jirgi, amma sau da yawa bai isa a sauke leɓunan fiffike yadda ya kamata ba, su ne kuwa ke bai wa jirgi damar sauka a hankali. Jirgin da ya saba taɓa ƙasa da gudun kilomita 250 a awa sai ya zo da gudun da ya haura 300, kuma babu damar juya ƙarfin inji baya domin tsayar da shi.

Akwai kuma sarƙaƙiyar zaɓi. Yunƙurin sake tayar da inji da ƙarfin iska yana buƙatar gudu mai yawa, gudun kuma da tazara ake sayen sa. Kowace kwana da jirgi zai yi tana cin tazara. Sauke tayoyi da wuri yana ƙara jan iska, jirgi ya kasa kaiwa fili. Idan kuma matuƙi ya ɗaga hanci don ya ja tafiyar, gudu zai ragu har iska ta daina ɗaukar fiffike, a nan ne jirgi kan rikito da gaske. A sama da duka, yunƙuri ɗaya ne. Jirgi mai lafiya idan bai daidaita da titin sauka ba yakan tashi ya sake zagayowa, wanda ba shi da inji kuwa inda ya nufa nan zai sauka. Ko mai sauran inji ɗaya ma zagayen ba shi da sauƙi. Ranar 8 ga Yuli 2003 wani Boeing 737 na kamfanin Sudan Airways ya tashi daga Port Sudan zuwa Khartum, inji ɗaya ya mutu, ya juyo, bai sami titin ba a yunƙurin farko, ya faɗi a wajen filin. Fiye da mutum 110 suka rasu.

Bahir Dar, 1988: Hasbiyoyi A Mafarin Kogi

Ruwan da ke wucewa ta gaban Mai Wurno daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake fitowa, a gefen birnin Bahir Dar. A wannan birni ne aka yi ɗaya daga cikin haɗurran da suka fi bayyana matsalar da ake magana a kanta. Ranar 15 ga Satumba 1988 wani Boeing 737 na kamfanin jiragen Habasha, mai ɗauke da mutum 104, ya kama gudu a titin Bahir Dar zai tashi zuwa Asmara. Daidai lokacin da yake ɗaga hanci, garken hasbiyoyi ya tashi a gabansa, injunan biyu suka zuƙe su.

A wannan gaɓa jirgi ya riga ya wuce gudun da za a iya tsayar da shi a kan sauran titin, don haka matuƙan suka ci gaba da tashi. Injunan sun ji rauni amma suna ba da ɗan ƙarfi, jirgin ya ɗan hau sama, matuƙan suka fara zagaye domin su dawo filin. Kafin su kammala zagayen, ƙarfin injunan biyu ya ƙare. Tazarar da suka samu ba ta isa ta kai su titin ba, sai suka zaɓi wani buɗaɗɗen fili suka kwantar da jirgin a kan cikinsa ba tare da sauke tayoyi ba. Jirgin ya farfashe ya kama wuta. Mutum 35 suka rasu, 69 suka tsira.

Adadin waɗanda suka tsira yana nuna cewa matuƙan sun riƙe jirgin yana tafiya a kan fiffikensa har ya taɓa ƙasa, ba su bari ya suɓuce musu ba. Adadin waɗanda suka rasu kuma yana nuna iyakar abin da gwaninta ke iya yi idan guzurin tazara kaɗan ne. Filin Bahir Dar yana kimanin mita 1,800 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, jirgi kuma yake buƙatar ƙarin gudu kafin fiffike ya ɗauke shi.

Kano, 2002, Da Sakkwato, 1991

A ɗaya ƙarshen hanyar gabas, Kano ta ga nata ranar Asabar 4 ga Mayu 2002. Jirgin kamfanin EAS, samfurin BAC One-Eleven, ya zo daga Jos zai wuce Legas da mutum 77. Tsakar rana ce a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke sa iska ta yi sauƙi, inji da fiffike duka su rage aiki. Jirgin ya zarce ƙarshen titin tashi na filin Malam Aminu Kano, ya shiga ƙasa, tayoyinsa suka tayar da ƙura, injunan da ke manne a bayansa suka zuƙe ta, ƙarfinsu ya ragu. Ya ɗan tashi, amma bai sami tazarar da za ta ba matuƙi wani zaɓi ba, kuma abin da ke gabansa gidajen jama'a ne. Ya faɗa cikin unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Bayan haɗarin gwamnatin Nijeriya ta dakatar da wannan samfurin jirgi, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen da za a yi jigila da su.

Shekara goma sha ɗaya kafin nan, a watan Yunin 1991, irin wannan samfurin jirgi na kamfanin Okada Air ya nufo Kano, rashin kyan yanayi ya sa ya karkata zuwa Sakkwato. Ya yi ta zagaye bai sami sauka ba har mansa ya ƙare, injunan suka tsaya, ya sauka a wajen gari. An yi asarar rayuka kaɗan, mafi yawan waɗanda ke ciki suka tsira. Samfurin jirgin ɗaya ne da na Kano, kuma na Sakkwato ne ma ya rasa ƙarfinsa gaba ɗaya. Abin da ya samu wanda na Kano bai samu ba shi ne ɗan sarari a ƙarƙashinsa da fili babu gine-gine a gabansa.

Waɗanda Abin Ya Same Su A Ƙololuwa

Idan aka duba jiragen da injunansu suka mutu suna can sama, sai a ga sakamakon ya bambanta. Ranar 24 ga Yuni 1982 wani Boeing 747 na British Airways ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunusiya, injunansa huɗu suka mutu yana ƙafa 37,000. Kyaftin Eric Moody da abokan aikinsa sun sami mintocin da suka yi ta maimaita yunƙurin tayar da injunan, har suka tashi bayan jirgin ya sauko ya fita daga cikin tokar. Ya sauka a Jakarta lafiya.

Ranar 23 ga Yuli 1983 wani Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai yana ƙafa 41,000. Ma'aunin mansa ba ya aiki, kuma a lissafin hannu da aka yi an rikita fam da kilo, aka zuba masa ƙasa da rabin abin da yake buƙata. Kyaftin Bob Pearson ya saba tuƙa ƙananan jirage marasa inji a matsayin abin sha'awa, mataimakinsa Maurice Quintal kuma ya san wani tsohon filin soja a garin Gimli. Da suka iso sai suka tarar sun yi sama da yawa, babu kuma damar zagaye. Pearson ya karkatar da jirgin ya riƙa tafiya a kaikaice domin iska ta rage masa tazara ba tare da gudu ya ƙaru ba, dabarar da masu ƙananan jirage ke yi. Mutum 69 da ke ciki duka sun tsira. Wannan ya nuna ɗaya fuskar matsalar: rarar tazara a bakin fili ita ma haɗari ce, domin dole a kashe ta daidai, ba ragi ba ƙari.

Ranar 24 ga Agusta 2001 wani Airbus A330 na kamfanin Air Transat, daga Toronto zuwa Lisbon, ya zubar da mansa a tsakiyar tekun Atlantika saboda bututun da ya tsage. Kyaftin Robert Piché ya riga ya karkata zuwa tsibiran Azores kafin inji na biyu ya mutu. Jirgin ya ci kimanin kilomita 120 babu inji cikin kusan minti 19, ya taɓa ƙasa da gudun da ya kai kilomita 370 a awa, tayoyi takwas suka fashe, mutum 306 suka fita da ransu. Da bai juya akalar jirgin da wuri ba, da waɗannan kilomitocin a kan ruwa za su ƙare.

Sauka A Kan Ruwa

Mahajjacin da ya tashi daga Kano ko Sakkwato sai ya ƙetare Bahar Maliya, don haka tambayar ruwa ta shafe shi. Mutane da yawa suna ganin ruwa ya fi ƙasa taushi. A gudun jirgin jet ruwa ba ya da wani taushi, kuma injunan da ke rataye a ƙarƙashin fiffike sukan kamfaci ruwan su fizge jirgin. Ranar 23 ga Nuwamba 1996 wasu mutum uku suka yi fashin Boeing 767 na kamfanin jiragen Habasha, wanda ya taso daga Addis Ababa zai bi ta Nairobi da Brazzaville da Legas zuwa Abidjan, suka ce sai an kai su Ostareliya. Kyaftin Leul Abate ya gaya musu man ba zai kai ba, suka ƙi yarda. Man ya ƙare a kusa da tsibiran Komoros. Ya yi ƙoƙarin sauka a kan teku kusa da gaɓa, 'yan fashin na kokawa da shi a ɗakin tuƙi, fiffiken hagu da injinsa suka fara taɓa ruwa, jirgin ya wargaje. Daga cikin mutum 175, 125 suka rasu. Da yawa sun tsira daga bugun farko, amma sun hura rigunan ceto tun suna cikin jirgi, ruwa ya danna su da rufi suka kasa fita. Wannan ne dalilin gargaɗin da ma'aikatan jirgi ke nanatawa cewa kada a hura rigar sai an fita.

Ranar 15 ga Janairu 2009 manyan agwagin daji suka kashe injuna biyu na Airbus A320 na US Airways jim kaɗan bayan tashinsa daga New York, yana ƙasa da mita 900. Kyaftin Chesley Sullenberger da mataimakinsa Jeffrey Skiles sun sami kimanin minti uku da rabi. Jerin matakan gaggawa da ke hannunsu an tsara shi ne don jirgin da ke can sama, ba su kai ko rabinsa ba. Sullenberger ya kunna ƙaramin injin wutsiya tun kafin jerin ya kai ga wannan mataki, ya auna ya ga filayen da ke kusa ba su da tabbas, ya zaɓi kogin Hudson. Mutum 155 duka suka tsira. Gwajin da aka yi daga baya a na'urar kwaikwayon tuƙi ya nuna cewa komawa fili yana iya yiwuwa idan an juya nan take, amma da aka ƙara daƙiƙa 35 na tunanin da ɗan Adam ke buƙata, jirgin bai kai ba.

Legas, 2012: Guzurin Da Aka Bari Ya Zube

Haɗarin da ya fi koyar da darasi a Nijeriya shi ne na kamfanin Dana, ranar Lahadi 3 ga Yuni 2012. Jirgin, samfurin MD-83, ya tashi daga Abuja zuwa Legas da mutum 153. Rahoton ƙarshe na hukumar binciken haɗurran jiragen sama, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa inji na farko ya fara ƙin ba da ƙarfi minti 17 bayan tashi. A lokacin jirgin yana sama, yana da inji ɗaya mai aiki, akwai kuma filayen da zai iya sauka a kusa. Matuƙan sun tattauna matsalar, amma ba su bi jerin matakan gaggawa ba, ba su kuma karkata zuwa fili mafi kusa ba. Suka ci gaba zuwa Legas suna saukowa. Da suka kusato filin Murtala Muhammed suka nemi ƙarfi daga inji na biyu, shi ma bai amsa ba. A wannan lokaci tazarar ta riga ta ƙare, abin da ke ƙasa kuma unguwar Iju-Ishaga ce mai cunkoso. Duk na cikin jirgin sun rasu, tare da aƙalla mutum 6 a ƙasa. Binciken ya danganta mutuwar injunan da tsagewar bututun mai a cikinsu, abin da ke da nasaba da gyaran da aka yi musu.

Idan aka jera wannan da na Azores, bambancin a fili yake. A duka biyun matsalar ta ba da sanarwa tun jirgi yana sama. A ɗaya an juya zuwa zango mafi kusa tun da sauran inji, a ɗayan an ci gaba da fatan inji na biyu zai riƙe.

Kammalawa

Daga Bahir Dar zuwa Gwammaja, daga Gimli zuwa Iju-Ishaga, abu ɗaya ne ke maimaita kansa. Saukar da jirgin jet bayan mutuwar injuna abu ne mai yiwuwa, kuma an yi shi sau da dama, amma nasararsa ta rataya ne a kan abubuwan da aka riga aka yanke kafin inji ya yi shiru: nisan jirgi daga ƙasa, abin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa, da ko matuƙi ya juya tun alamar farko. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan abin da ke ceton rai a irin wannan rana a ƙasa ake yin sa: korar tsuntsaye da nesanta juji da mayanka daga bakin filin jirgi, hana gine-gine a saitin titin tashi da sauka, gyaran inji bisa ƙa'ida, zuba mai da rarar da za ta kai wani fili idan na farko ya rufe, da horar da matuƙa su saba da yanke shawarar sauka da wuri ko da kamfani zai yi asara.

Batun zango kuma bai zama tarihi ba. Matuƙin da ke ɗauke da alhazai daga Kano zuwa Jidda yana tafiya ne yana lissafin filin da zai nufa idan wani abu ya faru, kamar yadda madugu ke lissafin rijiyoyin da ke gabansa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe filin jirgin Khartum da sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Ƙasar da ta kasance mafakar matafiyan Hausa tun zamanin Mai Wurno ta fita daga lissafin matuƙa na ɗan lokaci, kuma kowane fili da ya rufe a kan hanya ragi ne daga zaɓin da ke gaban jirgin da injinsa ya mutu.